Bahaguwa, Motar Yayana

Shekara talatin da ɗoriya Yayana ya yi yana tuƙi, kuma duk wanda ya san tashar Kankia ya san ba yabon ɗan'uwa nake yi ba. Ya fara da akori-kura yana kwasar buhunan gyaɗa daga Kunduru, daga baya ya koma bas, yau Kusada gobe Kano. Har ta kai in motarsa ce ta biyu a layi, mata masu goyo sai su ƙi shiga ta farko, su zauna jiran tasa. Ko kaza bai taɓa takewa ba. Ni kuwa, autan gidanmu, makanike ne mai walda. Shi ya tuƙa, ni in gyara, haka muka raba duniya tun muna samari. Har yau da furfura a gemuna, Auta yake kira na.

Ciwon ya same shi yana alwalar la'asar a tsakar gida. Buta ta suɓuce masa, baki ya karkace, sai ga shi a ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Allah ya taimaka aka kai shi asibiti da wuri. Cikin wata huɗu baki ya dawo daidai, ƙafa ta fara ɗaukarsa da sanda, amma hannun dama ya ƙi. Yana nan a rataye, yatsu a lanƙwashe, in zai zauna sai ya ɗauko shi da na hagu ya ɗora a cinya.

Likita ya ce sauran maganin nasa motsi ne, ya riƙa fita yana shiga mutane. Yaya sai ya shige ɗaki ya saki labule. Mun ɗauka ƙafar ce ke hana shi, har sai da matarsa ta ja ni gefe ta gaya mini abin da ke ciki. Ranar da aka fara kai shi masallacin unguwa, ana sallamewa jama'a suka taso yi masa barka, kowa ya miƙo hannu, shi kuwa ba shi da na miƙawa. Ya miƙa na hagu. Wani baƙon dattijo da bai san abin da ya same shi ba ya janye nasa hannun, ya dube shi sama da ƙasa. Shi ke nan. Daga ranar Yaya bai sake taka ƙofar gida ba, ko abinci ba ya yarda a ga yana ci, don da hagu yake ci. Mutumin da in ya shiga tasha sai ya yi rabin sa'a yana gaisawa da jama'a kafin ya kai ga motarsa!

Shekara biyu muka yi a haka. Na yi lallashi, na yi faɗa, har baƙar magana na taɓa gaya masa, Allah ya yafe mini. Amsarsa ɗaya ce kullum.

"Auta, ƙyale ni. Mutumin da ba ya iya ba ɗan'uwansa hannu, mi zai hita yi?"

Ya rame, ya yi fari fat, ƙafar da ta fara dawowa ta soma komawa. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na ga cewa in bai fita ɗakin nan da ƙafarsa ba, to a makara za mu fitar da shi, kuma ba da daɗewa ba.

A bangon garejina akwai wani hoto da ya kusa shekara arba'in a wurin. Fallen tsohuwar mujalla ne, da wani mai kayan gyara a Kano ya naɗo wa Yaya kaya a ciki. Hoton baƙi da fari ne. Wani Bature ne ɗan Amurka, da tabarau da hula mai ɗauri a haɓa, zaune cikin wata 'yar siririyar mota mai kujera ɗaya, tayoyinta huɗu duk a waje, tsirara, ba abin da ya rufe su. Wani malamin Turanci da yakan kawo mini babur ya taɓa karanta mana rubutun da ke baya. Ya ce Baturen ɗan manomi ne, a gyaran motar noma ya koyi inji. Bayan babban yaƙin duniya ya fara shiga tsere da ƙananan motoci a filayen ƙasa na ƙauyuka, yana bin gari gari, shi ne direba shi ne makanike. Daga nan ya hau, ya hau, har ya kai ga babban tseren ƙasarsu. Sai mota ta kife da shi ta kama wuta, aka ce tasa ta ƙare, bayan an cire rai kuma sai ga shi ya dawo fage. A daidai nan takardar ta yage. Ko ya ci ko bai ci ba, ba mu taɓa sani ba, sunansa ma bakinmu bai taɓa iya faɗa ba. Baturen Yaya muke ce masa, don Yaya in ya shigo garejin yakan tsaya gabansa ya ce, "Wannan shi ne direba, mu 'yan dako ne."

Wata rana ina shan rake ina kallon hoton, sai na ce wa kaina, kai wawa, baki ya gaza, me ya hana ka gwada ƙarfe? Ni dama ban iya magana ba, in na buɗe baki faɗa ke fita. Amma ƙarfe yana jin maganata. Na ƙudura zan ƙera motar Baturen nan, in mayar da komai nata hagu yadda mai hannu ɗaya da ƙafa ɗaya zai iya da ita. Ban gaya wa kowa dalili ba.

Wata biyar na yi a kanta. Na haɗa ƙashin jikinta da bututun ƙarfe, na lulluɓe da kwano, na samo injin wani babban babur irin mai canja giya da kansa. Totur da birki duka na sa su ƙarƙashin ƙafar hagu. Sitiyari na ɗaura masa ɗan dunƙulen katako don a juya shi da tafi ɗaya. Awo kuwa duk daga hoton na ɗauko, da tsinken tsintsiya nake gwadawa in ninka. Ni mutum ne mai kwaikwayo sak, in ka ba ni samfur ko tabon da ke jikinsa sai na yi maka. Na auna na ga tayoyin dama na Baturen sun ɗan fi na hagu girma, injin kuma ya karkata hagu. Ban tambayi kowa ba, na yi yadda na gani.

Ranar gwaji na fito da ita da hantsi, na kama hanyar Fakuwa, rabin unguwa na biye da ni. Na taka totur, ta ɗauka, wayyo daɗi! Amma ban yi taku ɗari ba na ji tana ja na hagu. Na murɗa dama, ta ƙi. Na ƙara murɗawa ina zaginta, na manta birki ma a hagu na sa shi, ina ta taka kwano da ƙafar dama. Sai cikin darnin wata tsohuwa, ni da mota da karan dawa da awaki uku. Tsohuwar ta fito da muciya. Ban ji ciwo ba, amma dariyar da aka yi mini ranar ta ishi shekara. Kafin in tashi daga ƙasa 'yan acaɓa sun raɗa wa motar suna Bahaguwa.

Na tura ta gareji raina a ɓace. Na ce hoton ne ya yaudare ni, mai ɗauka ya tsaya ne daga dama shi ya sa tayoyin can suka yi girma. Na yi niyyar washegari in kwance su in sa masu kai ɗaya.

Kafin dare labari ya isa Kusada. A can muke da taubashi, ɗan goggonmu, sa'an Yaya ne kuma shi ma direba. Tun suna yara suke gasa, daga langa har tuƙi, kuma bakinsa ba linzami. Shi kaɗai ne labulen Yaya bai taɓa tsayarwa ba, ɗagawa yake ya shiga ko an ce masa ana barci. Washegari ya zo takanas don ya ba Yaya labarina. Ina gareji da sifana a hannu aka aiko wai Yaya na kira, kuma in taho da hoton.

Na same su, ɗan Goggo yana share hawayen dariya, Yaya kuwa ba dariya a fuskarsa. Ya karɓi hoton da hagu, ya matsa kusa da taga. Ya daɗe yana dubawa.

"Auta, tayoyin dama ka ce sun hi girma?"

"Kuskurena ne, Yaya. Yau zan gyara."

"Jaki. Dubi ƙasar da ke bayan motar, ina ta nuhwa? Dubi katangar can, miƙaƙƙiya ce ko lanƙwasasshiya? Baturen nan ba tahiya yake ba, zagaye yake yi. Hagu, hagu, hagu, har a gama. Da gangan suka yi ta haka, don ta riƙa shiga kwana da kanta. Shekara arba'in kana kwana da hoto ba ka gani ba?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Rabon da in ji wannan muryar tun kafin ciwon. Na zaro waya muka nemi tsofaffin hotuna masu motsi na irin wannan tsere, sai ga su kuwa, motoci irin ta Baturen suna ta zagaya fili, kowace kwana hagu. Yaya ya manne da wayar, yana gyara wa Turawan da suka daɗe da mutuwa tuƙi. Wannan ya yi saurin taka birki, wancan ya bar ƙofa a buɗe aka wuce shi ta ciki. Da aka nuna wanda ya ci an miƙa masa kwalbar madara yana sha, Yaya ya ce, "Assha, duk wannan wahala ko hura babu."

Ɗan Goggo ya miƙe yana kaɗe riga.

"To, gidan kawu an gama lalacewa. Wa da hannun hagu, ƙane da motar hagu. In kun isa ku kawo ta Kusada, akwai fako a bayan gari. In zagaye ku da tsohuwar akori-kurata, in ɗaure abin wasan nan a baya in kai wa jikokina."

Na buɗe baki zan rama, Yaya ya riga ni.

"Yaushe, bawana?"

Ɗan Goggo ya ce bayan an gama girbi, ran Juma'a da la'asar. Yaya ya juyo ya ce mini kada in kuskura in taɓa tayoyin nan. Na fita da sauri don kada su ga idona.

Matar Yaya ta tare ni a zaure, ta tsuke fuska.

"Wato kai da ka faɗa darnin mutane da hannu biyu, shi ne za ka sa mini miji mai hannu ɗaya a ciki? In wani abu ya same shi, ni da kai ne."

Na ce mata wani abu ya riga ya same shi, kuma ɗakin can ne ke ƙarasa shi. Bayan kwana biyu ta aiko mini da matashi da ta ɗinka daidai kujerar, da wani majanyi mai kauri na ɗaure hannun dama a ƙirji don kada ya riƙa lilo.

Muna da gona a Fakuwa, gefenta akwai fako mai faɗi da ko ciyawa ba ya fitarwa. Nan muka riƙa zuwa da sassafe. Yaya ya kafa sharaɗi, ba mai gani. Ta ƙofar baya nake fito da shi, ya sunkuyar da kai a mota har mu fita gari. Na kafa durom biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Ranar farko sai da na ɗaga masa ƙafar dama na sa a ciki. Ya zauna, ya shafa sitiyari, ya yi bisimilla, ya taka a hankali. Da ya isa durom na farko sai na ga abin da ya gani a hoto. Motar da ta yi mini taurin kai ta kwanta cikin kwanar nan salin-alin, shi kuwa da tafi ɗaya yake bi da ita. Zagaye na uku na ji ya ƙara wuta. Zagaye na biyar ya wuce ni yana ihu, ban ji abin da yake cewa ba, haƙoransa kawai na gani.

Sati shida muna haka. Ya sa ni na sassauta wannan, na ɗaure wancan, na rage iskar tayar hagu ta baya. Ya koma cin tuwo malmala biyu. Har ya kai yana shiga motar da kansa, yana dafa kafaɗata. Amma da ya hango mai kiwo ko mai itace ya nufo mu, sai ya ce mu tafi gida. Tuƙi ya dawo, mutane ne har yanzu ba ya so.

Ana gobe tsere ya tambaye ni mutum nawa za su zo. Na ce ba za su wuce ashirin ba, 'yan tasha ne kawai. Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya nake yi.

Da muka isa bayan garin Kusada, ashe ɗan Goggo shela ya yi. Fakon nan ya cika maƙil. Direbobin Kankia sun zo da bas biyu, mutanen Sukuntuni sun zo a kan babura, ga masu rake, ga masu ƙosai, yara har kan bishiya. Yaya ya dube ni, kallon da ya yi mini ba zan manta ba. Na ce a raina yau na ɓata komai. Ya sa aka sauke Bahaguwa a bayan motar da ta kawo mu, ya shige cikinta, ya kifa hular kwano, ya sa matarsa ta ɗaure masa hannu. Tsofaffin abokansa suka taso da murna, ya riƙe sitiyari gam yana gyaɗa musu kai kawai. Mota ta zama masa wani ɗakin.

Sarkin tasha aka naɗa alƙali. Aka kafa durom biyu, aka ja layi da toka, aka ce zagaye goma. Ɗan Goggo ya kawo akori-kurarsa, ya kwance mata komai na nauyi, har ƙofar baya. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, mu Musulmi ne. Da dama muke ci, da dama muke shiga masallaci, da dama muke fara komai na alheri. Don haka ta dama za mu zagaya."

Shegen kaya! Ashe yana sane. Jama'a suka ɗauka, "Dama! Dama!" Ni kuwa na san in aka bi dama, Bahaguwa ba za ta kai zagaye ɗaya ba, Yaya zai yi ta kokawa da sitiyari da hannu guda har ya faɗa cikin mutane. Na yi tsalle na shiga tsakiya ina kumfar baki, na ce wannan zalunci ne, motar hagu aka gayyata. Aka ce in kawo hujja. Wace hujja gare ni, in ce haka Turawa ke yi? Aka kwashe da dariya. Sarkin tasha ya fara gyaɗa kai wajen ɗan Goggo. Na waiga na ga Yaya ya saki sitiyari ya sunkuyar da kai.

Sai wata murya ta fito daga gindin wata bishiya. Wata tsohuwar Bafulatana ce mai tallan nono, tana zaune gaban ƙwaryarta, haƙorin Makka na ƙyalli a bakinta.

"Kai, ɗan nan mai dogon baki. Ka je Makka?"

Ɗan Goggo ya ce tukuna, Hajiya, ana dai niyya.

"To ni na je. Da na yi ɗawafi, ɗakin Allah a kafaɗata ta hagu na sa shi, na zagaya har sau bakwai. Ko kai ne za ka ce ban fara da alheri ba?"

Wuri ya fashe da sowa. Wani limami da ya tsaya kallo daga nesa aka waiga ana nema. Ya yi murmushi ya ce ba a haɗa ibada da wasa, amma baiwar Allah ba ta yi ƙarya ba, kuma shi bai san inda aka hana zagaye ta hagu ba. Ɗan Goggo ya cire hula ya sosa ƙeya. Sarkin tasha ya ce hagu. Da ina da raƙumi ranar, da na ba tsohuwar nan.

Aka jera su a kan toka. Sarkin tasha ya ɗaga jan ƙyalle ya sauke.

Akori-kura ta yi gaba da ruri, don injinta ya ninka namu. Kafin durom na farko ta ba Yaya tazarar mota uku. Amma a kwana dole ɗan Goggo ya taka birki ya buɗe ta da faɗi, Bahaguwa kuwa ta manne wa durom ta shige kamar zare a allura. Suka fito kusan kai ɗaya. A miƙe ya sake tserewa, a kwana Yaya ya sake kamo shi. Haka aka yi ta yi, ni ina gudu gefen fili ina ihu kamar mahaukaci, takalmina ɗaya ya fita ban ma sani ba.

Kada wani ya ce ɗan Goggo sassauta masa ya yi. Na ga fuskarsa, na ga yadda yake dukan giya. Daga zagaye na huɗu ya gane inda ake cinsa, sai ya riƙa matse durom yana rufe ƙofar ciki. Sau biyu Yaya ya sa hanci, sau biyu aka toshe. A zagaye na shida har tayarsa ta gogi durom, motar ta yi tsalle, matarsa ta yi salati ta rufe ido. Sai na ga Yaya ya ja da baya ya bar masa tazara. Na ce a raina hannun ya gaji.

Ashe tarko ne. Shekara talatin yana bin bayan mutumin nan a hanya, ya san halinsa, in ya ga ya yi gaba sai kai ya kumbura. Zagaye na bakwai da na takwas ɗan Goggo ya riƙa ɗaga wa jama'a hannu ta taga. A na tara ya shigo kwanar gabas da gudun da ya fi ƙarfin motar da ba kaya a bayanta. Gindinta ya zame, ta buɗe, ya shiga kokawa da sitiyari. Yaya, wanda ya tara gudu tun daga nesa, bai ko taɓa birki ba. Ya bi ta ciki, tsakaninsa da durom bai fi taƙi ɗaya ba, ya fito gaba.

Ihun da aka yi, na tabbata an ji shi a cikin gari. Saura zagaye ɗaya. A miƙe akori-kura ta taso masa har hancinta ya kai tayarsa ta baya, amma kwanar ƙarshe tasa ce, yanzu shi ke rufe ƙofa. Ya fito, ya take totur har ƙasa, ya tsallake toka da tazarar da ba ta fi tsawon tabarma ba. Yayana ya ci! Na zube a ƙasa ina kabbara ina kuka, ƙato da ni, ban ji kunyar kowa ba.

Murnata ba ta daɗe ba. Ina ɗagowa na ga fili gaba ɗaya ya nufi Bahaguwa a guje, kuma na san abin da kowa zai fara yi in ya isa. Na ruga da takalmi ɗaya don in tare, amma ɗan Goggo ya riga ni. Ya diro daga motarsa, gumi sharkaf, ya ture mutane, ya tsaya kan Yaya. Ya miƙo hannun dama, a buɗe, a gaban kowa.

Yaya ya cire hular kwano. Ya dubi hannun, ya dubi jama'a. Ba wurin gudu, ba labule. A hankali ya kai hannun hagu ya kwance majanyin da ke ƙirjinsa, ya kama tsintsiyar hannunsa na dama, ya ɗaga shi, ya sa a cikin tafin ɗan Goggo, na hagun yana tallafe da shi.

Ɗan Goggo ya riƙe, ya juya ga jama'a yana washe baki.

"Ku shaida! Shekara sittin yana raina ni, yau ga shi yana gaishe ni da hannu biyu. Ashe ka san ni ne ubangidanka?"

Aka yi dariya. Yaya bai yi ba, hannayensa yake kallo. Ni ma su nake kallo, sai a lokacin na gane. Dama a gaba, hagu na tallafe da ita a wuyan hannu. Haka ubanmu ya koya mana gaida manya, haka duk mai ladabi a ƙasar nan yake miƙa hannu. Ba wanda zai gani ya ce hannun mara lafiya ne. Shekara biyu a ɗaki, kuma ba ni ba shi ba wanda abin ya faɗo wa.

Sai Yaya ya tuntsire da dariya, hawaye na zuba. Ya ce in ɗaga shi. Ya tsaya ya jingina da motar, sarkin tasha ya miƙo hannu, ya ba shi. Limami ya matso, ya ba shi. Direbobin Kankia suka yi layi, wasu na kuka, yana kiran kowa yana tambayar iyali, wannan ina motarka, wancan yaushe ka yi furfura. Bayansu mutanen Kusada, bayansu waɗanda bai taɓa gani ba. Rana ta yi ja, aka fara kiran salla a cikin gari, ƙafarsa ta soma rawa don gajiya. Na matsa kusa da kunnensa na ce, Yaya, magariba ta yi, mu tafi.

Bai ko waigo ba. Ya gyara riƙon hannunsa, ya miƙa wa na gaba.

"Dakata, Auta. Ba ka ga akwai sauran mutane ba?"